Tsohuwar Kwamfuta a Ƙasan Wani Gida a Gent

Aboki, da za mu rabu a filin jirgin Malam Aminu Kano ka ce kada in dawo maka da cakulan kawai, in zo da labari. To ga shi. Ta Adis Ababa muka bi, muka sha zaman jira, cikin dare muka sake tashi, da safe muka sauka a Burasel, babban birnin Beljiyam. Na ce da safe ne don agogo ya ce haka. Ƙarfe 7 ta wuce amma waje duhu ne, rana ba ta leƙo ba sai bayan ƙarfe 8, ita ma leƙowar ta suna ce kawai. Na ɗaga hannu zan gyara agogona, na dubi na bango, sai na ga babu abin gyarawa. Ashe a lokacin sanyi Beljiyam da Najeriya da Nijar duk lokacinmu ɗaya. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin saman, cikin kimanin minti 20 ka isa tsakiyar gari. Kowane allo a birnin harshe biyu ne, Faransanci da harshen mutanen Holan, ni kuwa babu wanda nake ji sosai a ciki. Faransancin da nake taƙama da shi na cinikin Maraɗi ne, bai wuce gaisuwa da tambayar farashi ba.

Abin da ya kai ni shi ne taron FOSDEM, wanda ake yi duk shekara a Jami'ar ULB. Na 2025 ya faɗo ranakun 1 da 2 ga Fabrairu. Taro ne na masu rubuta manhajar da kowa ke da 'yancin ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Bas mai lamba 71 na shiga daga tsakiyar gari. Ta bi ta gefen Matonge, unguwar 'yan Kwango da ta ci sunan wata unguwa a Kinshasa, inda na hango shagunan kitso da na atamfa har na ji kamar in sauka. Ban sauka ba, don bas ɗin ta cika maƙil da masu jakar goyo, duk wuri ɗaya muka nufa, ni kuma da ƙyar na samu gurbin tsayawa.

Na isa ƙofa ina lalube aljihu, ina neman inda ake rajista da biyan kuɗi. Babu. Ba a rubuta sunan kowa, ba a rataya wa kowa kati a wuya. Mutane dubbai, babu babban baƙo, babu uban taro, babu mai gabatar da manyan baƙi. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da komai. Idan ɗakin lacca ya cika, sai a liƙa takarda a ƙofa cewa ya cika, kuma ko kai wane ne a waje za ka tsaya. Na tuna tarukanmu inda ake cinye rabin yini a jiran mai girma, na yi dariya ni kaɗai. Da rana na bi layi na sayi soyayyen dankalin Turawa a kwanon takarda, an zuba masa mayonis. Na tambayi mai suyar da wane mai yake yi, ya ce kitsen saniya, kuma sau biyu ake soya shi.

A barandar gine-ginen kowace ƙungiya ta kafa teburinta. Ga 'yan Debian, ga Fedora, ga openSUSE da koriyar hawainiyarsu, ga FreeBSD da hoton wani ɗan jan aljani mai ƙaho wanda na ƙi karɓar sitikarsa. Duk waɗannan manyan manhajoji ne, wato irin aikin da Windows ke yi su ma shi suke yi: su tayar da kwamfuta, su riƙe ragamarta, sauran manhajoji su hau kansu. Ni da kai mun taso muna ganin kwamfuta da Windows abu ɗaya ne. A nan kuwa na ƙirga har na gaji.

Magana ɗaya na yi ta ji a bakin mutane: 14 ga Oktoba, 2025. A ranar ce kamfanin Microsoft ya sa zai daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, sai wanda ya nemi ƙarin wa'adi, da aka ce dala 30 ne na shekara guda. Windows 11 kuma ba ta karɓar kowace na'ura. Tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, a ɓangaren Intel kuma tana neman ƙwaƙwalwa daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Ma'ana, kwamfutar da ke aiki lafiya lau ranar Litinin, ranar Laraba ta zama abin da ofisoshi ke neman rabuwa da shi, ba tare da ko ƙusa ɗaya ta lalace a cikinta ba. Kai ma ka san inda irin waɗannan suke ƙarewa. Su ne gwanjon da muke tararwa a Ikeja da titin Beirut a Kano, su ne a shagunan buga takardu.

A gaban teburin Debian na haɗu da wani dattijo mai farin gemu, tsohon ma'aikacin wayar tarho da ya yi ritaya. Ya ji ina tambayar ko manhajar za ta hau tsohuwar kwamfutar tebur, sai ya tsoma baki da Turancinsa mai nauyi.

"Mai shekara nawa?"

Na ce, "Baba, irin ta 2009 ko 2010."

Ya ce, "Yarinya ce. Tawa sa'arta ce, kuma manyan manhajoji huɗu ne a kanta. Idan kana nan bayan taro, ka zo Gent ka gani."

Daga Burasel zuwa Gent tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa, ta cikin filaye shimfiɗaɗɗu, kore shar duk da sanyin. Ina fitowa daga tashar Sint-Pieters na tsaya cak. Kekuna ne jere, ba iyaka, kamar duk garin sun ajiye sun tafi. A nan Faransanci ya ƙare, harshen Holan kaɗai ke kan alluna. Dattijon ya zo tarata a kan keke, ya sauka ya tura shi muka taka tare, yana nuna mini magudanan ruwa da tsoffin gidajen bulo masu tsinin kai. Gidansa siriri ne mai tsawo. Matarsa ta kawo kofi baƙi ƙirin da biskit, na sha don kunya, sannan muka gangara wani matsattsen tsani zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Ga ta nan a kan benci: Dell OptiPlex 780, baƙa, irin wadda ka sha gani a ofishin makarantarmu. Ƙwaƙwalwarta Core 2 Duo. Abin da ya sauya mata kaɗan ne. Ya ƙara ram zuwa gigabayit 8, ya sa mata faifan ajiya na SSD wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, ya bar tsohon faifan a matsayin na biyu, ya canza ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, da ke riƙe mata lokaci. Ya danna maɓalli. Maimakon tambarin Windows sai baƙin allo ya fito da jerin sunaye: Debian, Windows 10, FreeBSD, Haiku. Ƙasan allon daƙiƙoƙi na ƙirguwa. Idan ba ka zaɓa ba, ta saman ce za ta tashi.

Na tambaye shi ko duk huɗun suna aiki lokaci guda. Ya girgiza kai. Ɗaya ce ke farke, sauran barci suke, kuma wadda ke farke ita ke da na'urar gaba ɗaya: duk ram ɗin, duk ƙwaƙwalwar, duk ramukan filas. Na ce ai na san ana iya buɗe wata babbar manhaja a cikin taga, a kan wata, da irin su VirtualBox. Ya ce haka ne, kuma ga sabuwar na'ura ya fi sauƙi. Amma tsohuwa mai ram gigabayit 4, idan ka raba mata shi biyu, kowane ɓangare sai ya riƙa numfashi da ƙyar. Farashin hanyarsa guda ne: duk lokacin da kake son sauyawa, sai ka kashe ka sake kunnawa.

Daga nan ya ɗauki fensir ya zana mini yadda abin yake, ni kuma a raina na ga gidan gado. Faifan shi ne gidan, an yanka shi sassa, kowace manhaja da sashenta da irin shirin kayanta. Windows tana jera fayilolinta a tsarin NTFS, Debian a ext4, FreeBSD a UFS, Haiku a BFS. Jerin sunayen nan da muka gani, wanda ake kira GRUB, shi ne zauren: kowa ta nan yake shiga, a tambaye shi wajen wa ya zo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar wurin da duk wannan ya rataya a kai. Tsoffin na'urori irin tasa, masu tsarin BIOS, idan an kunna su suna karanta bayit 512 na farkon faifai ne kawai, wurin da ake kira MBR. A ciki, bayit 446 na umarnin tayarwa ne, 64 na teburin rabo, 2 na hatimi. Kowane sashe yana cin bayit 16 a teburin, ka ga gurbi huɗu ke nan, babu ƙari. Tun 1983 aka tsara haka, lokacin da ba wanda ya zaci mutum zai buƙaci fiye da huɗu. Windows ta ci masa biyu. FreeBSD ta ci ɗaya, don ba ta yarda ta tashi sai daga cikakken gurbi. Na huɗun ya mayar da shi abin da suke kira faɗaɗɗen sashe, wanda ake iya sake yankawa a ciki, ya zuba Debian a nan tare da wani fili na ajiyar takardu da hotuna. Haiku kuwa ya kai ta faifai na biyu ita kaɗai. Sababbin na'urori masu UEFI da teburin GPT ba su da wannan matsin, sassa 128 ma suna ɗauka, kuma ba su tsaya a iyakar terabayit 2 da ta daure MBR ba. Ya faɗi haka ne da ɗan raini, kamar mai cewa yaran yanzu ba su san wahala ba.

Na ce, "To Baba, huɗu na mene ne? Ɗaya ba ta isa ba?"

Debian ita ce ta yau da kullum: wasiƙa, banki, karanta jarida. Windows ta matarsa ce, domin tana da keken ɗinkin surfani wanda manhajar zana masa ado a Windows kaɗai take aiki. Ya ce bayan Oktoba zai yanke wa wannan ɓangaren intanet, ya bar shi da keken kawai, tunda abin da ba ya fita waje ba ya kwaso cuta. FreeBSD, wadda ta fito a 1993 kamar Debian, don koyo ya sa ta. Haiku kuwa don nishaɗi. Ita magajiyar BeOS ce ta shekarun 1990, 'yan sa-kai suka fara sake gina ta a 2001, har yau kuma ba su ce sun gama ba. Ya tayar da ita in gani, kafin in gyara zama ta riga ta buɗe. A ganina biyu daga cikin huɗun son zuciya ne irin na mai ritaya, amma ban faɗa ba. Ya ƙara da cewa Linux ma, wanda a kansa aka gina Debian, a irin wannan zaman aka haife shi, don kwamfutar da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro shi, ya saya a Helsinki a 1991 tana ɗauke da manyan manhajoji biyu, DOS a gefe guda, Minix a ɗaya gefen.

Da yamma muka tafi wani zauren unguwa inda suke abin da suke kira Repair Café, wato mutane su kawo kayansu da suka lalace, 'yan sa-kai su gyara tare da su kyauta, ana shan kofi. Wata 'yar jarida, Martine Postma, ta fara shi a Amsterdam a 2009, ya bazu. Na ga mai dutsen guga, na ga mai fitila, na ga mai wando da zif ya ɓalle. Abin da yake sana'a a wurinmu, wanda mutum ke ciyar da iyali da shi, a nan abin sha'awa ne na ƙarshen yini, domin kuɗin mai gyara a ƙasar yakan kai na sabon kaya. Kuma in gaya maka gaskiya, a aikin hannu yaranmu na Farm Centre sun fi su nesa ba kusa ba. Na ga mutum uku sun taru a kan waya ɗaya da ta tsinke, abin da yaro a Kano zai liƙe yana hira.

Amma da aka zo kan manhaja sai lissafin ya juya. Wata ɗaliba ta kawo kwamfutar tebur ta HP a cikin jakar cefane, tana son Linux amma tana tsoron rasa Windows. A gida ka san amsar da za ta samu: a yi fomatin, a zuba sabuwa, hotunanki kuwa Allah ya maimaita. Dattijon bai taɓa komai ba sai da ta kwafe takardunta a wani faifai na waje, ta buɗe su ta tabbatar sun kwafu. Sannan ya shiga Windows ya kashe tsarin tashi da sauri. Ya bayyana mata cewa tun daga Windows 8, idan ka ce ta mutu ba ta mutuwa gaba ɗaya, dogon suma take yi, ta bar sashenta a kulle, Linux kuma ya ƙi rubutu a ciki don kada ya ɓata. Daga nan ya matse sashen Windows da kayan aikin Windows ɗin kanta, fili ya samu. Ya soka filas mai ɗauke da Ventoy, wata 'yar manhaja da ke ba ka damar tara manyan manhajoji da yawa a filas guda, ya danna F9 (a Dell F12 ne), ya zaɓi Linux Mint, ya ce Mint ɗin ta zauna kusa da Windows.

Ya ja mata kunne a kan jeri. Windows ake fara sawa, sannan Linux. Idan aka juya, Windows takan rubuta nata umarnin a kan wancan bayit 446, jerin zaɓin ya ɓace, mutum ya zaci Linux ɗinsa ya tafi. Yana nan, ƙofar ce aka toshe, kuma da filas ɗin nan ake mayar da ita. Ya ce mutane da yawa sun goge aikin shekaru saboda firgitar wannan minti ɗaya.

Ni aka ba wa aikin rubuta sunan na'urar, na ga haruffa suna fitowa ba inda na sa yatsa ba. Allon rubutunsu AZERTY ne, irin wanda 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi suka saba da shi, A a gurbin Q. Ina cikin lalube a jerin harsuna sai ga Hausa har kashi biyu, ta Najeriya da ta Gana. Na zaɓa, na buga ƙ da ɗ da ɓ, suka fito daram. Dattijon ya sa tabarau ya leƙa, ya tambaye ni ko waɗannan ƙugiyoyin ado ne.

Aka gama, aka tayar da Mint, aka koma Windows don a gwada. Sai ɗalibar ta nuna kusurwar allo: agogo ya koma baya da awa ɗaya cif. Ga dalilin. A cikin na'urar agogo ɗaya ne, wanda ɗan batirin nan ke riƙewa. Linux yana ajiye lokacin duniya na UTC a cikinsa, ya ƙara awar ƙasarku lokacin nunawa. Windows kuwa tana ɗauka abin da ta tarar lokacin gari ne. Tunda mu da su duk awa ɗaya muke gaban UTC, kuskuren da ta gani a Gent shi ne daidai wanda za ka gani a Kano ko Yamai, sai dai nasu yakan zama awa 2 idan bazararsu ta shigo sun tura agogo gaba. Umarni layi ɗaya ya rubuta a Linux, ya ce masa ya bi lokacin gari, magana ta ƙare. Na yi tunanin mai shagon da zai dubi wannan agogon ya zaci da sauran lokaci kafin La'asar.

A hanyar komawa tasha na yi masa tambayar da ke cina tun ɗazu. Na ce, "Baba, idan ana tsakiyar matse sashen nan aka ɗauke wuta fa?"

Ya tsaya da kekensa. "Wa zai ɗauke?"

Na yi masa bayanin yadda muke, da janareta, da layin da ke zuwa ya tafi ba sallama, da cewa kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai riƙe ta ko na daƙiƙa ɗaya. Ya yi shiru yana tunani, kamar na ba shi wani sabon lissafi. Ya ce idan wuta ta yanke ana cikin motsa sassa, ana iya rasa duka ɓangarorin biyu. Shawararsa ita ce a wurinmu kada a yanka faifai ɗaya sam. A nemi ƙaramin SSD na biyu, a zare wayar faifan Windows, a sa Linux a sabon shi kaɗai, a mayar da wayar, sannan a riƙa zaɓa da F12 ko F9 lokacin kunnawa. Babu wanda ya taɓa teburin wani, idan ɗaya ya lalace ɗayan na tashi. In kuma dole sai an yanka, to a jona na'urar a UPS ko inbata mai cikakken caji kafin a fara.

Ya so ya ba ni wata OptiPlex da ke ajiye a ƙasan bencinsa in taho da ita. Na yi godiya na ƙi, don kilo 23 aka yarda mini a jaka, kuma irinta na nan jibge a titin Beirut. Filas ɗin na karɓa, da takardar da ya yi zanen a kai. Ka tambayar mini yaron shagonka ko tsohuwar HP ɗin nan da kuka tura ƙarƙashin tebur tana kunnuwa, in tana yi kada ya sayar wa 'yan gwangwan kafin in zo. Ka kuma sa ya nemo farashin SSD mai gigabayit 128.